Ranar da Na Wuce Baba Ma'aji a Tsaye

Ko da tsufa zai zo ya kwashe min duk abin da na sani, ina jin akwai wata Asabar guda da zai bar min, domin ta riga ta kafe a zuciyata. Ita ce ranar da na ga dattijo, aminin mahaifina, tsaye a ƙofar gidansa yana jiranmu, na ce wa maigidana ya taka mota mu wuce. Wanda bai san gidan da na fito ba zai ce wannan ai ba wani abu ba ne. To, bari in ɗauko zancen daga tushe.

A Fagge aka haife ni, a gidan da gaisuwa ta kusa zama farilla. Mahaifina tsohon rijistaran kotu ne, kakana malami, kuma tun muna rarrafe aka cusa mana cewa ba a wuce ƙofar babba ba a shiga ba, ba a kuma tashi daga gabansa sai ya sallame ka. Ni kuwa da na karɓi abin sai na ƙara masa gishiri. In aka aike ni Kasuwar Singa sayo sukari da hantsi, sai bayan azahar ake ganina, na gaishe da duk wanda ya taɓa sanin kakata. Ƙannena har uwar gaisuwa suke ce min, ni kuma ina jin daɗin sunan. Da na girma na zama malamar makaranta, na yi aure, halin bai ragu ba.

Akwai wata mata da muke kira Mama. Ibo ce, Kirista, tana da shagon ɗinki a Sabon Gari, in ka bi ta shataletalen Bata ka shiga ciki kaɗan. Ita ta ɗinka wa mahaifiyata kayan fitar sunana, ita ta ɗinka min kayan makaranta, ita ta ɗinka kayan aurena. Hausa a bakinta ta fi tawa daɗi, kuma ba ta raga wa kowa. In ka kawo mata atamfa mara kyau sai ta murza ta da yatsa ta ce, "Wa ya cuce ki?" Ba ta taɓa auna ni da tef ba tun da na yi wayo. Kallo ɗaya take min ta ce na ƙara ƙiba, kuma kullum gaskiya take faɗa.

Wata rana a ƙarshen damina na kai mata leshi. Na tarar da ita zaune a gaban keken ɗinki, tana ta kai zare bakin allura yana wucewa ta gefe. Ta gwada ya fi sau biyar. Daga nan ta ajiye, ta ce, "'Yata, rufe ƙofar nan, ki zo ki sa min zare."

Na sa mata. Ta daɗe tana shafa leshin da tafin hannu kafin ta yi magana. Ta ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi tun bara, ba wanda ya sani. Na dama kuma ya rage kamar mutum yana leƙe ta kafar ƙofa, kuma sai da rana mai ƙarfi yake gani, da hadari ya taso ko yamma ta yi, shi ke nan. Likita ya ce za a yi mata aiki ranar Litinin mai zuwa. Wataƙila a tsare ɗan abin da ya rage, wataƙila kuma ya tafi a wurin aikin. Ɗanta zai taso daga Legas ranar Lahadi da yamma ya kai ta asibiti.

"Kada ki faɗa wa kowa," in ji ta. "Ko Innarki. Da an ji tela ba ta gani, gobe shagon nan sai ƙuda."

Na yi mata alkawari, hawaye na zubo min. Ta ce in share, ba kuka ta kira ni in yi ba, wata alfarma take nema. Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk tsawon zamanmu. Ashe ba a ƙasarsu aka haife ta ba. A wani ƙaramin gari ne can kudu da Kaduna, tsohon gari a bakin kogi, inda mahaifinta ya yi aikin jirgin ƙasa. A bayan garin kogin yana zuwa kan wani baƙin dutse ya faɗo ƙasa gaba ɗaya, mutanen wurin suna ce wa irin wannan matsirga. A gindinsa mahaifiyarta take wanki, ita kuma tana wasa. Tana 'yar shekara goma sha huɗu rikici ya tashi, suka bar garin cikin gaggawa da kayan jikinsu. Bayan yaƙin basasa aure ya kawo ta Kano, kuma shekara kusan hamsin tana cewa za ta koma ta gani, ɗinki bai bar ta ba.

"Ina so in sa ruwan a idon nan kafin Litinin," ta ce. "Amma ki ji da kyau. Ruwan nan yamma yake fuskanta. Da safe inuwar dutse ke rufe shi, ba abin da zan gani. Daga azahar zuwa la'asar sakaliya rana take dukan fuskarsa. In ta faɗa bayan tudu, mun yi zuwan banza."

Maigidana kaɗai na faɗa wa, da izininta, tunda shi zai tuƙa mu. Ma'aikacin gwamnati ne mai sanyin hali, bai yi musu ba. Ya lissafa hanya ya ce in mun tashi bayan asuba ranar Asabar, da azahar muna can, mu kwana, Lahadi da sassafe mu juyo don Mama ta tarar da ɗanta. A wancan lokacin hanya lafiya lau take. Tsari ya yi kyau, ba abin da ya rage sai ni in ɓata shi.

Kuskurena na farko shi ne zuwa sallama. A gidanmu ba a tafiya ba a yi sallama ba, kuma duk Bakano ya san abin da ke biyo bayan sallama. Ina cewa za mu raka Mama garinsu na haihuwa, Inna ta ce, "Ta Zariya za ku bi ko? Ai hanya ce. Ga daddawa da kuka ki miƙa wa Gwaggonki." Surukata ta ji, ta ce ai hanya ce, ga kayan jariri a kai wa 'yarta da ta haihu a Kaduna. Mahaifina kuwa da ya ji sunan garin sai ya gyara zama. Ashe amininsa na makaranta, wanda ya yi ma'aji shekara da shekaru, can ya koma bayan ya ajiye aiki. Nan take ya ɗauko turmin shadda da kwalbar turare, ya kuma buga masa waya a gabana ya ce ga 'yarsa nan tafe, a gidansa za mu sauka.

Da maigidana ya ga ina jera kaya a but ɗin mota, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Malama, saƙon nan ba a but yake da nauyi ba," ya ce. "A agogo yake da nauyi."

Na ce masa miƙawa kawai za mu yi, ko zama ba za mu yi ba. Har ga Allah na yarda da abin da na faɗa. Yanzu in na tuna sai in yi dariya, wai ni ce zan shiga gidan Gwaggo in fito ban zauna ba.

Mun ɗauki Mama gari na wayewa. Ta ci ado da farin leshi da ɗaurin ɗankwali irin nasu, ta zauna a baya kusa da taga. Muna isa Zariya hantsi bai gama ɗagawa ba. Gwaggo ta ganmu ta rasa inda za ta sa mu. Na durƙusa na gaishe ta, na gaishe da na ɗaka da na tsakar gida, na miƙa saƙo, na buɗe baki zan ce za mu wuce, sai na ga an riga an ɗora tanda a wuta. Ta ce ƙullin waina ya tashi tun jiya, ba za a ce baƙi daga Kano sun shigo gidanta sun fita da yunwa ba. Muna gama cin waina ta ce maƙwabciyarta ta yi rashin miji, tunda Allah ya kawo ni ai sai in leƙa in yi ta'aziyya. Na leƙa. A can ma aka yi addu'a, aka tambayi mutanen Fagge ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan Mama tana zaune a kan tabarma, tana yabon miyar taushe, tana tambayar Gwaggo wa ya ɗinka mata riga. Ko sau ɗaya ba ta nuna gajiya ba. Ta zauna da Hausawa ta san ba a katse wa mai gida hanzari, kuma ni ta zuba wa ido in yi magana. Ni kuma ina jin maganar a maƙoshi, amma in na dubi fuskar Gwaggo sai in haɗiye. Ina gaya wa kaina ai na yi alkawarin rufa asiri, me zan ce? Mun bar Zariya rana ta kusa tsaka.

A Kaduna abin ya fi haka. Gidan mai jego cike da mata, kowa sai an gaisa. Aka miƙo min jariri, aka kawo kunun kanwa, aka kira azahar, aka ce ai sai mun yi salla. Muna idarwa aka sauke shinkafa. Mijin mai jego ya fita, aka ce yana hanya, ba zai ji daɗi ba in ya dawo ya tarar mun tafi. Maigidana ya leƙo daga zaure sau biyu yana nuna min agogon hannunsa. Na ɗaga masa hannu alamar yanzu-yanzu. Wannan yanzu-yanzun sai da ta ci fiye da awa biyu.

Muka koma mota. Muka bar gari, hanya ta fara hawa da sauka tsakanin tsaunuka, ko'ina kore shar. Can sai na ji Mama daga baya ta ce, "Malam, ƙarfe nawa?" Maigidana ya faɗa mata. Bayan ɗan lokaci ta sake tambaya. A karo na uku ba ta tambaya ba, sai na waiga na ga ta sauke gilashi ta miƙa hannunta waje, tana juya shi a hankali. Zafin rana take aunawa a fatarta. Wannan hannun da na gani ya fi min zagi ciwo. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ce, "Mama, ki yafe min."

"Ba a kai ga yafiya ba tukuna," ta ce. "Rana tana nan."

La'asar a gefen hanya muka yi ta a gurguje. Daga nan kuma hadari ya fara haɗowa ta yamma, rana ta riƙa shiga tana fita. Maigidana, wanda ban taɓa ganin ya yi gudu da mota ba, ranar ya taka. Ina zaune ina ta salati a zuci, ina roƙon Allah kada ya kama baiwar nan tasa da laifin surutuna.

Rana ta yi ƙasa sosai lokacin da muka hango garin. Ƙaramin gari ne mai tsofaffin gidajen jan bulo da manyan itatuwan mangwaro. Muka hau wata tsohuwar gadar ƙarfe, kogi a ƙasa ya cika ya yi ja, da kwalekwale biyu ɗaure a gefe. Ƙarar gadar kawai Mama ta ji ta ce, "Mun zo. Tashar jirgi tana dama, da tankin ruwa a kan ƙafafu. Ku miƙe, in kun wuce kasuwa ku yi hagu." Tankin kuwa yana nan, ya yi tsatsa.

Abin da ban sani ba shi ne gidan Baba Ma'aji a kan wannan hanyar yake. Muna karya kwanar kasuwa na gan shi. Ba sai an gaya min ba, na san shi a hoto. Dogon dattijo da farar babbar riga da sanda, tsaye a ƙofar zaure. An shimfiɗa tabarmi a waje, maƙwabta uku ko huɗu suna zaune, ga kwanuka a rufe an jera. Tun azahar yake jiranmu. Ya ga mota mai lambar Kano, fuskarsa ta washe, ya ɗaga sanda.

Maigidana ya rage gudu ya fara sauka gefe. Na dubi dattijon, na dubi yamma. Rana ta fito daga ƙarƙashin hadari, tsakaninta da kan tudu bai fi tsawon hannu ba. Na san in ƙafata ta taɓa ƙasa a nan, sai na durƙusa, sai an tambayi Baba da Inna da mutanen Fagge, sai an kawo ruwa, sai an buɗe kwanukan nan.

Na ce, "Wuce."

Ya ce, "Malama, Baba ne fa a tsaye."

"Na gan shi. Don Allah wuce."

Na sauke gilashi na ce, "Baba, muna zuwa," ban ma san ko ya ji ba. Muka wuce shi da sandarsa a sama. A madubi na ga murmushin ya bar fuskarsa, na ga mutanen da ke kan tabarma sun miƙe suna kallon juna. Ba mu yi nisa ba wayata ta fara ƙara, na duba na ga mahaifina ne. Tun da na mallaki waya ban taɓa barin kiransa ya katse ba. Ranar na kifa ta a cinya har ta yi shiru, ta sake, ta sake yin shiru.

Inda hanyar mota ta ƙare muka sauka. Tun daga nan ake jin ƙarar, kamar ruwan sama mai ƙarfi a kan rufin kwano, sai dai ba ya tsagaitawa. Wata 'yar siririyar hanya ta ratsa gonar masara ta gangara. Na kama hannun Mama zan ja ta, sai ta cire takalmanta ta miƙa min ta shiga gaba. Matar da a Kano sai ta lalubi bakin ƙofar shagonta, ga ta tana taka duwatsu da tafin ƙafa tana ce min, "A hankali nan, akwai santsi." Ni mai ido biyu ni ce nake tuntuɓe.

Muna zagaya wani ƙaton dutse sai ga shi a gabanmu. Ni 'yar Fagge ce, ruwan da na sani shi ne na famfo da na kwata in an yi ambaliya. Ban taɓa tsammanin akwai abu irin wannan a ƙasar nan ba. Kogi guda ne yake zuwa bakin baƙin dutse mai tsawon bene hawa uku ko fiye, ya rabu gida-gida, ya zubo fari fat. Ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafa. Feshinsa yana tashi kamar hayaƙi ya sauka a fuska da sanyi. Kuma rana, wadda ta rage saura kaɗan, ta daki fuskarsa gaba ɗaya, farin nan ya riƙa ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kai.

Mama ta tsaya cak. Ta rufe idon hagu da tafin hannu, ta riƙa juya kai a hankali tana neman inda 'yar kafar da ta rage mata za ta kama. Ta fara daga sama, ta biyo shi har ƙasa, ta sake komawa sama.

Na kasa haƙuri na ce, "Mama, kina gani?"

Ta ƙara bin sa sau ɗaya. Sannan ta ce, "Ina gani. Fari yana tafiya." Ta karkata kai hagu. "Akwai bakan gizo a hagu, kusa da dutsen da ya tsage?"

Na duba, yana nan kuwa. Na ce akwai.

"Shi ban gan shi ba. Amma tunda yana nan, ya isa." Ta nuna wani faffaɗan dutse a gefen ruwa. "Can uwata take shanya. In ta shanya farin zane sai ta ce in zauna a kai kada iska ta ɗauke."

Ta yi wata magana da harshensu, a hankali, ban ji ma'anarta ba kuma ban tambaya ba. Hawaye da feshin ruwa suka haɗu a fuskarta. Maigidana ya koma gefe ya juya mana baya. Duk abin bai fi tsawon lokacin da za a dafa shayi ba. Daga nan rana ta taɓa kan tudu, hasken ya janye daga ƙasa zuwa sama, ruwan ya koma toka-toka. Mama ta sauke hannunta ta ce, "To, ya rufe." Ta nemi dutse ta zauna, ta ce in ba ta takalmanta.

Muna zaune muka ji ƙarar babur a sama. Jim kaɗan sai ga Baba Ma'aji yana gangarowa da sanda, ya tattare babbar riga a kafaɗa, fuskar nan a ɗaure. Na tashi na tarye shi na zube a kan duwatsu.

"Ke ce 'yar rijistara?" ya ce. "A gidanku aka koya miki haka?"

Sai Mama ta yi magana daga inda take zaune. "Alhaji, barka da yamma. Kada ka ga laifinta, nawa ne. Idona ne yake mutuwa, jibi za a yi masa aiki. A garin nan aka haife ni. Na roƙe ta ta kawo ni in ga ruwan nan da rana, kuma na hana ta faɗa wa kowa."

Asirin da ta shekara tana ɓoyewa, ta buɗe shi da bakinta don ta wanke ni. Dattijon ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Kin gani?" Ta ce ta gani. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya juyo ya tambayi maigidana ƙarfe nawa muka baro Kano. Da ya ji bayan asuba ne, ya ce to ina muka tsaya? Maigidana ya dube ni, ni na dubi ƙasa, na lissafa masa waina da ta'aziyya da barka da shinkafa.

Baba Ma'aji ya girgiza kai. "Tashi, 'yata. Wuce ni da kika yi, shi ne abu ɗaya da kika yi daidai yau. Laifinki yana Zariya da Kaduna."

Na ce, "Baba, alkawari na yi ba zan faɗa ba."

"Wa ya ce ki tona asirin wani? Ki ce ina da uzuri mai ƙarfi, zan dawo. Gwaggon taki dodo ce? Da ta ƙulle miki wainar a leda ta raka ki da addu'a. Ba ki ba ta dama ba ne. Kin ɗauka mu manya ba mu san uzuri ba."

Ban taɓa jin faɗan da ya yi min daɗi kamar wannan ba. A gidansa muka yi magariba, aka buɗe kwanukan da suka huce tun azahar, aka ɗumama. Shi da Mama suka ɓarke da hirar garin. Bai tuna ta ba, ita ma ba ta tuna shi ba, amma sun tuna mai ƙosan bakin gada, da shekarar da kogi ya haura har tasha. Ya ce, "Ashe ku ne 'yan kwatas ɗin jirgi masu takalma, kuna wuce mu kuna yanga." Ta ce, "Ku kuma ku ne kuke sace mana mangwaro." Suka yi ta dariya kamar yara. Da na kira mahaifina, Baba Ma'aji ya karɓe wayar ya ce, "'Yarka ta wuce ni a tsaye a gaban jama'a. Kada ka ce mata komai. Da ta tsaya, da ni da kai mun ji kunya."

Lahadi da sassafe muka juyo, ba mu tsaya ko'ina ba sai shan mai. Muna shiga Sabon Gari na tambayi Mama ko tana jin tsoron gobe. Ta ce, "Kaɗan. Amma ko idon ya tafi, na riga na zuba masa abin da zai riƙe."

Bai tafi ba. Allah ya sa aikin ya tsare 'yar kafar nan, ta ƙara shekara biyu tana yanka tana ba wasu suna ɗinkawa, kafin ta rufe shago ta koma wurin ɗanta. Har yau muna waya, kuma har yau daga muryata kawai take cewa na ƙara ƙiba. Gwaggo kuwa da labari ya kai mata daga baya, sai da ta yi min fushi na wata guda. Ba don komai ba sai don na bar ta tana suyar waina alhali baiwar Allah tana zaune a tabarmarta tana ƙirga rana.

Ban daina gaisuwa ba, kuma ba na fatan in daina. Amma a ranar na gane cewa rabin abin da nake kira ladabi tsoro ne kawai, tsoron in buɗe baki a ce 'yar gidan rijistara ba ta da kunya. Sunana nake karewa, wata kuma tana biya da ɗan hasken da ya rage mata. Manyan da nake jin nauyinsu sun fi ni sanin uzuri, ni ce ban taɓa gwada su ba. Yanzu in na ɗauki amanar wani aka ce min ai hanya ce, nakan durƙusa yadda aka koya min, in ce a yi min haƙuri, ina da uzuri, zan dawo. Kuma duk lokacin da harshena ya so ya yi nauyi, hannun Mama nake tunawa a wajen tagar mota, tana juya shi tana neman rana.